Kun Cike Mana Kududdufi, Ruwa Ya Tare a Gidana

Zuwa ga mai girma Shugaban Kwamitin Sabunta Unguwanni,

Kafin in gaishe shi, ina da magana da kai mai karatu. Duk ranar da ka ga tifa ta fara juye ƙasa a bakin kududdufin unguwarku, kada ka tsaya kallo kana washe baki. Koma gida ka ɗaga buhun hatsinka sama, ka ɗaure akuyarka a tudu, ka je ka tambayi masu aikin inda suka tanadar wa ruwa. Mu mun tsaya kallo, har guɗa muka yi. Ga abin da guɗar ta haifa.

Yallaɓai, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali, da fatan ruwan bana bai jiƙa muku ko tabarmar ƙofa ba. Na ma san bai jiƙa ba, tunda an ce mini gidanka a kan tudu yake.

Ni matar aure ce a cikin garin Daura, uwar 'ya'ya, na gama sakandare na tsaya a nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗana Nura ya daina cin tuwona. Kwamitinka ya yi masa tayin shago a sabuwar kasuwar da kuka gina, ni kuma na ce ba zai karɓa ba. Tunda ku kuka shiga tsakanina da ɗana, gara kowa ya ji yadda aka yi.

Na farko, maganar kududdufin.

Ba zan yi ƙarya in ce kududdufin bayan layinmu lambu ne ba. Sauro yake haifa, mutane na zuba masa shara, kuma babu ɗana ko ɗaya da bai sha bulala a hannuna ba saboda wanka a cikinsa. Amma ba daga sama ya faɗo ba. Kakannin mazajenmu ne suka haƙa shi da hannunsu, suna ɗibar ƙasa suna murza tubali. Duk soron da ka gani a unguwarmu daga cikin ramin nan ya fito. Kowace bazara maza sukan koma su ɗebo ƙasa, a kwaɓa da ciyawa, a yi wa katanga yaɓe kafin ruwa ya sauka. In ruwan ya sauka kuma, ya bi indararo, ya fita ta rariya, ya gangara lungu, ya je ya kwanta a ramin da aka ɗebo ƙasar. Ramin ya ba mu gida, ya kuma riƙe mana ruwa. Aiki biyu yake yi, kuma ban taɓa jin ya nemi albashi ko kuɗin zama ba.

Sai ga kwamitinka bayan daminar bara da katafila da tifofi. Aka ce fili ne ake ɓarnarsa, alhali hukuma na neman kuɗin shiga. Aka cike shi, aka daddaɓe, aka ɗaga shi ya fi layinmu tsawo, aka jera shaguna na bulo da siminti. Aka shimfiɗa irin bulon nan mai shiga juna a tsakar wurin, aka kafa fitilu masu aiki da hasken rana, aka dasa 'yan itatuwa da ba su kai tsawon tsintsiya ba. A bakin ƙofa aka kafa allo, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan gini ne na zamani, mai ɗorewa, mai kyautata wa muhalli. Madalla. Muhallin dai bai ce komai ba a ranar. Sai da damina ta zo ya ba da amsa.

Na biyu, ranar buɗe kasuwar.

Ina wurin, a rumfar mata, can baya inda lasifika ke isowa da ƙyar. Duk da haka na ji baƙon da kuka gayyato ya yi jawabi. Ya ce siminti ya yi tsada, ya ce yana dagula yanayi, ya ce ƙasashen da suka ci gaba yanzu sun gano ginin ƙasa ya fi sanyi ya fi arha, don haka mu riƙe gadonmu mu koma ga ƙasa. Aka yi ta tafi. Yana wannan magana ne, yallaɓai, yana tsaye a kan kabarin wuri ɗaya tilo da muke samun ƙasar. Maƙwabciyata Iya Hansai, tsohuwar da ke sayar da daddawa, ta zungure ni ta ce, "'Yar nan, shin wannan wa'azi yake yi ko ta'aziyya?" Na ce mata ta yi shiru, ba a yi wa manya dariya a taro. Yanzu na gane ita ta fi ni fahimtar jawabin.

Bazarar bana maigidana ya kira magini don yaɓe, magini ya ce sai dai a sayo ƙasa daga bayan gari, tifa ko jaki. Ƙasar da muke ɗiba kyauta ta zama haja, kuma da masu tifa suka ga unguwa guda na nema lokaci ɗaya, sai suka tuna su ma suna da 'ya'ya. Maigidana dillalin dabbobi ne, ba ma'aikacin hukuma ba. Abin da ya iya sayowa rabin katanga ya yaɓe. Iya Hansai ko ɗaki ɗaya ba ta yaɓe ba. Wannan, in na fahimci tsarin tattalin arzikinku daidai, shi ne bunƙasar kasuwanci: abin da talaka ke samu a banza a mayar da shi na saye, sai a ce kuɗi na yawo. Lallai suna yawo. Daga aljihunmu suke fita, ba mu taɓa ganin dawowarsu ba.

Na uku, ruwan.

Wata ranar kasuwa ce, bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas. Ruwa ya sauka kamar yadda ya saba sauka tun kafin a haifi kowa a kwamitinka. Ya bi lungu kamar kullum, ya isa inda ya saba kwanciya, ya tarar an gina masa shagunan zamani. Shi kuwa ba a gayyace shi buɗe kasuwa ba, bai kuma iya karanta allo ba. Sai ya juyo. Ina tsaye a ƙofar ɗakin girki na ga abin da ban taɓa gani ba tun da aka kawo ni gidan nan: rariya tana shigo da ruwa maimakon ta fitar. Kafin in ce a kwashe shanya, ruwa ya kai mana gwiwa a tsakar gida. Rabin katangar da ba a yaɓe ba ta zauna a kan garken awaki. Buhun geronmu ya tsira a cikin ɗaki kamar an shuka shi.

Namu da sauƙi. Gidan Iya Hansai ya fi namu gangare. Nura ne ya haura ya goyo ta a baya ya fito da ita, suna isowa zaurenmu ɗakinta ya rufta. Har yau a ɗakin 'yan matana take kwana.

Amma in faɗi gaskiya, kada a ce ba na yaba alheri: fitilunku sun yi aiki. Da magariba ta yi suka kama da kansu, fes, muka riƙa ganin tukwanenmu da takalmanmu suna iyo a lungu ɗaya bayan ɗaya. A da sai dai mu yi asara a cikin duhu.

Na huɗu, amsar da aka ba mu.

Mai unguwa ya kai ƙorafi ofishinku, kuka turo injiniya, saurayi mai ladabi, ya tsaya a bakin lungu don kada takalminsa ya ɓaci. Da farko ya ce magudanar ruwa tana cikin kashi na biyu na aikin. Na aika aka tambaye shi yaushe ne kashi na biyun, ya ce sai an fara tara kuɗin hayar shaguna. Wato a fara ɗinka riga, wando sai an samu hali. Daga nan ya ce ruwan bana ya fi ƙarfin lissafi, sauyin yanayi ne. Da ya ga mazan unguwa ba su gamsu ba, sai ya sauke murya ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri.

A nan ne nake so ka saurare ni da kyau, yallaɓai. Ni mai imani da ƙaddara ce, kuma a kanta nake tarbiyyar 'ya'yana. Amma ƙaddarar da ta zo a kan katafila, da direba, da takardar kwangila, akwai wanda za a tambaya a kanta ranar gobe. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan muka yi murna, har yau kuma muna yi. An rufe gidajen giya, an ja wa makaɗa kunne, an ce mu gyara lulluɓi, mun gyara. To ashe shari'ar ba ta da babi a kan wanda ya tura wa maƙwabcinsa ruwa? A islamiyyar da nake zuwa an karantar da mu cewa ba a cuta, ba a kuma cutar da wani. In ɗana ya karkata indararonmu ya zuba a gidan maƙwabci, kafin alƙali ya kira shi ni zan fara hukunta shi. Ku kun karkata ruwan unguwa guda, kuka kafa allo kuna yabon kanku.

Na biyar, shagon Nura, wanda shi ne ya fi ci mini rai.

Nura ya koyi gyaran babur, hannunsa na da kyau, amma shekara da shekaru a gindin bishiya yake aiki, in ruwa ya zo ya tattara. Akwai yarinyar da yake nema a Sandamu, iyayenta sun ce sai ya samu wurin zama na sana'a. Da kwamitinka ya ji cewa bakina ne ya fi na kowa tsawo a unguwa, ina bin gida-gida ina cewa mata su sa mazansu su koma ofis, sai ga saƙo ta hannun wani dattijo. Wai an tausaya mana, an sa sunan Nura a cikin matasan da za a ba shago da rancen jari, haya kuma sai ya tsaya da ƙafarsa. Dattijon ya ƙara da cewa, "Sai dai Hajiya ta ɗan rage magana, kin san manya ba sa son hayaniya."

Ka ga dabara. Gidaje da yawa suka sha ruwa, gida ɗaya aka tausaya wa, kuma aka yi sa'a shi ne mai surutu.

Nura ya shigo da murna kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Na ce masa a'a. Ya ce, "Umma, ni na cike kududdufin? In na ƙi, wani za a ba, ruwan kuma ba zai fasa zuwa ba." Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi yi mini ciwo. Na ce masa ya leƙa ɗakin ƙannensa ya dubi tsohuwar da ya goyo, ya gaya mata da bakinsa cewa ya samu shago a kan abin da ya rushe mata ɗaki, kuma an saya da shirun uwarsa. Bai leƙa ba. Ya fita, tun ranar a waje yake cin abinci. Yana gaishe ni da safe, gaisuwar da ba ta wuce leɓe ba. Na kai maganar gaban mahaifinsa, ya daɗe yana shafa gemu, ya ce, "Ki yi yadda kika gani, ni dai kada a kai ni gaban hakimi." Na ɗauki wannan a matsayin izini.

Na san abin da na hana yaron nan. Mai yiwuwa auren ya tafi. Mai yiwuwa ya girma yana ganin uwarsa ce ta tare masa arziki. Wannan nauyin ku kuka ɗora mini, kuma ban yafe ba tukuna.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. A haƙa magudana daga bakin lungunmu zuwa inda ruwa zai fita gari kafin wani hadarin ya haɗo, ko da za a sayar da allon da fitilun a biya leburori. A tayar wa Iya Hansai ɗakinta, ba sadaka ba, diyya. A ware wa unguwa wurin ɗibar ƙasa, tunda baƙonku ya ce mu koma gare ta. Sauran kududdufan garin nan kuma, kafin a kai musu tifa, a tura wani ya tsaya a wurin ranar da ake ruwa, ba ranar yanka kintinkirin bikin buɗewa ba. In an yi waɗannan, a ba Nura shago a layi ɗaya da 'ya'yan kowa, ba a bayan fage ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka mashawarta masu tsoronSa, Ya tsare gidanka daga abin da ya sami namu, Ya sa ka gyara tun kana da ikon gyarawa.

Kafin nan, ga dokar da na kafa a gidana, na tara 'ya'yana babba da yaro na faɗa musu, har da wanda ke fushi. Muddin Iya Hansai na kwana a ɗakin aro, muddin ruwan lungunmu ba shi da hanya, babu wanda na haifa da zai karɓi makullin shago a kasuwar nan, babu wanda zai sayo mini ko ashana daga cikinta. Wanda ya karya, ya nemi wata tukunyar.

Wassalam.

Taka mai jiran kashi na biyu,
Mahaifiyar Nura, Daura.