Ba Birki Ba Ne, Wuyana Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ni ne mahaifinku, wanda unguwa ke kira Malamin Tuƙi. Da hannuna nake rubuta wannan, da hantsi, hankalina garau, ba zazzaɓi, ba maganin da ya juya min kai, ba kuma wanda ya tsaya a kaina. Na faɗi haka ne don na san halinku. In kun kai tsakiyar takardar, wani cikinku zai ce tsufa ne ya taɓa Baba. Bai taɓa ni ba. Likitan zuciya ya gaya min abin da ya gani, ni ma ina jin abin a ƙirjina in na taka matakala uku, don haka gara in yi magana tun bakina yana motsi.

Da ku uku nake: ke Babbar Yaya, kai Injiniya, da ke Auta. A karanta kuna zaune wuri ɗaya. In Yaya ta ce ba za ta haɗa ɗaki da Injiniya ba, kamar yadda ta shekara shida tana yi, Auta ki gaya mata umarnina ne.

1. Gida, da filin koyon tuƙi, da motocin makaranta guda biyu, a raba yadda addini ya tsara. Kada a kira kowa daga waje ya raba muku, ba ku kai haka lalacewa ba. Bashin kuɗi babu a kaina. Wanda ke kaina na wani iri ne, za ku gan shi a ƙasa.

2. Allon alamomin hanya da ke jingine a ofis a bar wa duk wanda ya ci gaba da makarantar. Ni na zana shi, kuma na san jakin da ke jiki ya fi kama da kare, an sha gaya min. Kujerar katako mai dogon baya da ke bakin tagar ɗakina Auta ta ɗauka, in 'yan'uwanta sun yarda. Ita ce ta mahaifiyarku.

3. Shuɗiyar motar da ke kulle a gareji. Makullin yana aljihun tsohuwar rigata ta aiki, bayan ƙofa. A nan ne maganar take, don haka ku gyara zama.

Abin da kuka sani shi ne, wata safiya shekara shida da suka wuce ina yin baya da motar nan a tsakar gida, birki ya ƙi ci, na buge mahaifiyarku tana shanya, ƙugunta ya karye. Kun san ba ta sake takawa da ƙafarta ba har Allah Ya karɓi abarsa bayan shekara biyu. Kun kuma san Injiniya ne ya gyara birkin kwana huɗu kafin nan. Duk daga bakina kuka ji.

Ƙarya na yi muku. Birkin lafiyarsa ƙalau. Ina takawa ya ci, sai dai na taka bayan na ji ƙarar. Ban gan ta ba ne, domin ba na iya waiwaye.

Shekara talatin da takwas ina zaune gefen ɗalibi ina yi masa tsawa ya waiga. Duk wanda ya bi ta hannuna ya san ba a sa giyar baya sai haɓa ta kai kafaɗa, madubi ɗan taimako ne kawai, akwai inda ba ya gani. Na kori ɗalibai daga sitiyari a kan wannan, har manyan mutane masu furfura. To ni da kaina, tun ina sittin da biyar wuyana ya fara sanƙarewa. Da farko da safe ne kawai, kamar na yi mugun kwanciya. Daga baya in aka kira ni ta baya sai na juyo da jikina gaba ɗaya. Kun sha yi min dariya a kai, kuna cewa Baba ya fara tafiyar manya, ni kuma na bar ku a haka don ya fi min daɗin ji.

Mahaifiyarku ce ta ja ni asibiti. Aka yi hoto, aka ce ba wani mugun abu, tsufa ne da yawan zama wuri ɗaya, aka tura mu wurin wata likitar gashin ƙashi. Yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Auta ba. Ta sa na juya kai dama da hagu, ta auna, sannan ta tambayi sana'ata. Da na faɗa sai ta ajiye biro. Ta ce da wannan wuyan bai kamata in yi baya da mota ba sai ya saki, kuma zai saki in na ba shi minti goma kullum. Ta ba ni takarda mai zanen kawuna shida. Na karɓa na yi godiya, muna fita na ninke ta na cusa ƙarƙashin kujerar mota. A raina na ce yarinyar da ko lasin ba ta da shi ce za ta koya wa Malamin Tuƙi waiwaye.

Maimakon minti goma, sai na je kasuwa na sayo ƙananan madubai masu tudu a tsakiya na manna a kan na gefe, na sa wani dogo a ciki. Injiniya, ka tuna ka tambaye ni dalili na ce don ɗalibai ne.

Mahaifiyarku ba ta bar maganar ba, kun san ta. Ta haddace zanen tun a asibiti. Kullum bayan karin kumallo sai ta zauna a kujerar katakon nan, ta miƙe baya, ta fara juya kai a hankali tana ƙirge a fili don in ji, ko zan biyo ta. Ita wuyanta ba abin da ya same shi. Ni kuwa sai in ce mata ta zama ƙadangare, ko in tambaye ta wa take gaisarwa a bango. Ta yi dariya ta ci gaba. Wata goma sha ɗaya tana yi ina tsokanarta, ko sau ɗaya ban zauna kusa da ita ba.

Ranar da abin ya faru na duba madubi uku, duka ba kowa. Ta sunkuya ne tana ɗauko zane daga bokiti, daidai kusurwar da na shekara talatin da takwas ina gaya wa mutane madubi ba ya gani.

Maƙwabta suka cika gidan. Wani ya tambayi yadda aka yi, sai na ji bakina ya ce birki. Wallahi a lokacin ban tuna wanda ya gyara shi ba, kaina kawai nake ceto. Amma kafin azahar na tuna, kuma ban janye ba. Kai Injiniya ka zo asibiti hannunka duk baƙin mai, ka roƙe ni in ba ka makulli ka shiga ƙarƙashin motar minti biyar kawai. Na ce ba na son kowa ya sake taɓa ta. Yaya ta ɗauka baƙin ciki ne ya sa, kai ma haka. Tsoro ne, don na san minti biyu ma sun ishe ka ka gane.

Mahaifiyarku ta sani. Ta ce da ta ɗago kai ta hango ƙeyata ta gilashin baya, a miƙe, tana kallon gaba. Ba ta tona min asiri ba, ta dai ce in gaya muku da bakina. Na ce sai ta samu sauƙi. Da aka sallame ta na ce sai hankali ya kwanta. Ta sha gaya miki, Yaya, cewa ƙaninki ba shi da laifi, ke kuma kika ɗauka son ɗa ne irin na uwa. Kwana uku kafin rasuwarta ta sake roƙona, na ce to. Yau shekara huɗu da wannan to ɗin.

Kada ku wahalar da kanku wajen buɗe birkin. Mota ta shekara shida a tsaye, komai nata ya ci tsatsa, ba za ta ba da shaidar kowa ba. Wannan ma ni na jawo. Ku sa hannu ƙarƙashin kujerar direba, takardar likitar tana nan da kwanan wata a samanta. A sayar da motar ko a kai wa masu yankan ƙarfe, duk ɗaya ne a wurina.

4. Takardar likitar nan a yi kwafi uku, kowa ya ɗauki ɗaya.

Bayan an sallamo mahaifiyarku na koma wurin likitar ni kaɗai, kai a ƙasa, ta sake koya min. Abin da ya fi ci min rai shi ne, ya yi aiki. Cikin wata huɗu haɓata ta kusa kafaɗa. Ranar da na fara hango ƙofar ɗaki ta bayana ba tare da na motsa ƙirji ba, na zauna na yi kuka, mahaifiyarku tana kwance tana kallona. Wata huɗu ne kacal tsakanina da ganinta a bakin bokitin nan.

Ga yadda ake yi, kuma ku saurara kamar kuna gefen sitiyari. Zauna ka miƙe baya. Juya kai dama a hankali har inda ya tsaya da kansa, ƙirga biyar, dawo, yi hagu. Kai kunne wajen kafaɗa, kada kafaɗa ta taso ta tare shi, nan kowa ke maguɗi. Ja haɓa baya kamar an kawo maka abu mai wari. Sunkuyar da kai, ɗago. Juya kafaɗu baya. Ba fizga, ba gasa, ba wulwula kai kamar fanka. In jiri ya zo ko hannu ya yi sanyi, a tsaya a je asibiti, kada a yi irin taurin kaina.

Duk kun kama hanyar ciwon. Yaya, kin wuce hamsin, kullum kanki a kife kan takardun ɗalibai, na ga yadda kike matsa ƙeya in kin tashi. Auta, wayar nan ta lanƙwasa ki kamar mai neman allura. Tun da na fara, ciwon kan la'asar ya bar ni, na daina tuntuɓe a bakin titi don ina ganin abin da ke zuwa ta gefe. Ku koya wa yaranku. Kuma duk ranar da ɗayanku ya ga ba ya iya waiwaye, ya ajiye makullin mota, ko waye shi.

5. Babbar Yaya. Ke kika yi jinyar mahaifiyarku, ke kika ɗaga ta kika kwantar shekara biyu, Allah Ya biya ki. Fushin da kika yi na gaskiya ne, ni ne na nuna miki inda ba nan ba. Kin hana yaranki zuwa gidan kawunsu, kin tashi daga tabarma ranar rasuwa da ya shigo. Ina zaune a wurin, ina gani, na sunkuyar da kai. Kada ki tsaya cin kanki a kan wannan, nawa ne. Ki juyo da fushin kaina, zan iya ɗauka, na cancanta. Abu ɗaya nake roƙo: ki je garejinsa da ƙafarki, ba waya ba, ba aike ba. Sannan duk wanda kika taɓa gaya wa maganar birki, dangi ko maƙwabta, ki koma ki warware.

6. Auta. Kin gaji da cin abinci gida biyu kina ɓoye wa kowa inda kika fito. Sannu. Daga yau ba ke ce 'yar aike ba.

7. Injiniya. Tun kana shekara tara kake kwance rediyon gida kana mayarwa, shi ya sa muka sa maka sunan. Ni na kai ka koyon gyaran mota, ni na riƙa turo maka ɗalibaina da motocinsu, ni kuma na kashe maka kasuwa da kalma ɗaya. Wa zai kai mota wurin wanda ubansa, Malamin Tuƙi, ya ce birkinsa ya ƙi ci? Ka tashi daga bakin babban titi ka koma lungu bayan masu walda, ba ka taɓa ce min uffan ba. Duk wata kana zuwa gaishe ni, ka durƙusa daga bakin ƙofa kamar baƙo.

Watan jiya matarka ta kawo min magani, muna hira ta gaya min abin da ya sa na ɗauki biro. Ta ce shekara shida ba ka taɓa birkin kowa ba. In aikin ya zo sai ka tura wa maƙwabcinka. Ta ce wani lokaci kana cikin cin abinci sai ka tsaya kana lissafa ƙusoshin ranar nan da yatsu, kana neman wanda ka manta ba ka ɗaure ba. Duk zatona kana jin haushina ne a ɓoye, ka san gaskiya kana rufa min asiri kamar uwarka. Ashe yarda ka yi da ni.

Ɗana, babu ƙusar da ka manta. Aikinka ya yi kyau. Birkin ya ci nan take, da bai ci ba da tayar ta hau ta, da ba mu samu shekara biyun nan da ita ba. Hannunka ne ya ba mu su.

Ya kamata in zo in faɗa maka ido da ido. Sau biyu ina zuwa har bakin lungun, in hango ƙafafunka a ƙarƙashin mota, in juya. Ko yanzu takarda na bari ta yi min, ka ga irin uban da Allah Ya ba ka.

Allah Ya yi muku albarka ku uku, da ku da abin da kuka haifa. Allah Ya jiƙan mahaifiyarku, Ya ba ta ladan shirun da na sa ta yi. Ni na raba gidan nan, ba ni da bakin da zan ce ku haɗa shi, amma ina faɗa, don ba wanda ya rage muku sai junanku. Ku riƙa cin abinci tare, ku bar yara su san gidan kawunsu.

Injiniya, ban sa yafiyarka cikin lambobin nan ba, don ba abin da zan yi umarni da shi ba ne. In ka yafe min, Allah Ya saka maka. In ba za ka iya ba, na fahimta, kuma kada kowa ya matsa maka. Amma in yayarka ta zo bakin gareji ta kasa magana, ka fito ka ba ta wurin zama. Ita ma ƙarya na yi mata.

Mahaifinku.