Kukan Sanobar a Bakin Fiyano

Kokand, farkon kaka

Nafosat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu ma nan lafiya, gwargwadon lafiyar gidan da bai fita makoki ba. Kada ki yi mamakin ganin takarda. A waya kina katse ni, kuma da kin fara shessheƙa sai in manta abin da na kira ki in faɗa. Erkin mai tasi zai kawo miki wannan tare da burodin tanda. Ki karanta a zaune.

Shekaranjiya ina tsintar shinkafa a ƙarƙashin rumfar inabi, maƙwabciyarmu Zulhumor ta leƙo ta kan katanga, ko sallama babu. Ta ce, "Sanobar, ashe kin zama tauraruwa ba mu sani ba?" Na ce wace irin tauraruwa, ina cikin shuɗin makoki? Ta ce, "'Yarki na gani a talabijin. An yi hira da ita, ta buga wani abu a fiyano. Wallahi sai da cokali ya faɗi daga hannuna. Kukanki ne na ranar da aka ɗauki gawar mijinki Tolib-aka, har inda muryarki take karyewa. Wai wata mai zuwa za a buga shi a babban zaure, da makaɗa cike da dandali, a shiga da tikiti."

Na ce mata ta sauka, tukunyarta na ƙonewa. Ni kuma na ture farantin shinkafar gefe.

Gaskiya ne? Ashe ranar da muka tsaya a tsakar gida, ni ina kiran mutumin da ba zai amsa ba, ke kina gefena kina ƙirga hawa da saukar muryata? Na ga idonki a bushe ranar, na ce firgita ce. Har na kare ki a gaban mata. Ashe aiki kike yi.

Tun kina ƙarama ban taɓa tsaya miki a hanya ba. Da babanki ya kawo fiyanon nan a bayan motar auduga, daga gidan Rashawan da za su koma ƙasarsu, ni na fitar da akwatin aurena don ya samu wuri. Da kika tafi makarantar kiɗa a Tashkent, ni na toshe bakin dangi. Da kika wuce Jamus, na haƙura. Kika dawo kina rubuta kiɗan da ba a rawa da shi, ba a rarrashin jariri da shi, na ce ilimi ne, ba sai na gane ba. Amma wannan ba ilimi ba ne, rashin kunya ne. Shekarar makokin babanki ba ta cika ba. A gidan nan ko rediyo ba a kunnawa, fiyanonki a kulle yake da mayafi a kai. Ke kuma za ki kai kukan uwarki gaban mutane su yi masa tafi.

Ki rubuto ki ce min Zulhumor ƙarya take yi.

Allah ya shirye ki.
Mahaifiyarki, Sanobar

Tashkent

Ayajon,

Wa alaikumus salam, Aya, mahaifiyata. Na gaishe ki da girmamawa, na gai da ƙanena da matarsa. Burodi ya iso da sauran ɗuminsa. Erkin ya ce kin gargaɗe shi kada ya kuskura ya gutsura, ya ce ko 'yan sandan hanya bai tsorata da su kamar ke ba.

Zulhumor ba ta yi ƙarya ba, duk da na so a ce ta yi. Amma ban ƙirga komai ba ranar nan, Aya. Kunnena ne, kin san shi. Ba ni da ƙofar da zan rufe shi da ita. Na dawo Tashkent da muryarki a cikin kaina, ina cin abinci da ita, ina koyar da ɗalibai da ita. Ban yi hawaye ba har aka yi arba'in. Ranar da na zauna na sauke ta a takarda, ranar na fara kuka.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Shekaru ke nan ban rubuta sabon abu ba. Ina hawa dandali ina buga na mutanen da suka mutu tun da daɗewa, ana ba ni furanni, ni kuwa na san rijiyata ta ƙafe. Baba kaɗai ya gane. Duk zuwana gida sai ya ce, "To, ustaza, yaushe za mu ji naki?" Wannan shi ne nawa, kuma nasa ne.

Babu kalma ko ɗaya a ciki. Fiyano ne da goge-goge da sarewa. Ba wanda zai ji sunanki ko sunansa. A ƙarshe makaɗa duk suna yin shiru, fiyano ya buga sauti biyu kawai, ɗaya sama ɗaya ƙasa, shi ke nan.

Ki yi min afuwa da ban nemi izininki ba. Na san amsar da zan samu ne.

'Yarki mai neman albarkarki,
Nafosat

Kokand

Nafosat,

Sallama. Takardarki ta zo, na karanta, ban ji sanyi ba.

Kin san amsar da za ki samu, shi ya sa ba ki tambaya ba. Ɓarawo ma haka yake cewa.

Gwaggonki Mastura ta zo jiya, ta ƙi zama a kan katifar baƙi, ta ƙi taɓa shayi. Ta ce, "Sanobar, a gidan ƙanena aka taɓa tayar da kukan gawa babu gawa? Wa 'yarki take kira wa mutuwa? Surukarki da tsohon ciki!" Yarinyar tana bakin murhu tana ji, ta saki ludayi ta shige ɗaki. Na ce, "Yaya, ai a Tashkent ne." Ta ce, "Mala'ikan mutuwa bai san hanyar Tashkent zuwa Kokand ba? Erkin ma ya sani." Sannan ta yanke hukunci. Kin san ita ce babba, ita za ta raba farin yadi ranar cikar shekara, ta cire mana shuɗi. Ta rantse in kika hau dandalin nan, ba za ta miƙa miki fari ba. Za a tara matan unguwa, a sa wa kowace mace ta gidan nan fari, a tsallake 'yar fari ta mamaci. Ki zauna ki yi tunanin wannan.

Amma ba maganar Mastura ce ta hana ni cin abinci ba. Sautin nan biyu ne na ƙarshe. Kina tsammani ban gane ba? Tun ranar da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kama sunan babanki ba. Uwata ba ta kama na ubana ba. "Baban Nafosat" nake cewa, ko a asibiti da likita ya tambaye ni, sai na miƙa masa takarda ya karanta da kansa. Ranar da maza suka ɗaga makara suka nufi ƙofa, bakina ya kuɓuce, na kira shi da sunansa. Sau ɗaya a duk zamanmu. Na yi zaton kukan mata ya rufe shi. Ashe akwai mai kunnen da ba shi da ƙofa.

Kika ce ba wanda zai sani. Ni fa? Ni ba mutum ba ce? Abu ɗaya da na ba shi wanda ban taɓa ba shi ba, za ki ɗora a faranti ki zagaya da shi gaban masu turare da jakadun ƙasashe, su gama su tashi suna tafi suna neman rigunan sanyinsu.

Ki ɗaga ranar har mu fita makoki, ki kuma cire wurin nan. In kin ƙi, kada Erkin ya kawo ki. Fiyanon kuma zan ba makarantar unguwa.

Allah ya ganar da ke.
Sanobar

Tashkent

Ayajon,

Ina gaisuwa. Na je wurin shugaban zaure. Ya ce ranar ba ta ɗaguwa, an ba wasu sauran kwanakin har bazara, kuma in na janye ba za a sake buɗe min ƙofar ba. Ban ja da shi sosai ba, gara ki ji gaskiya daga bakina.

Na kuma yi wa jagoran makaɗa maganar ƙarshen. Ya jefar da sandarsa a kan tebur ya ce, "Nafosat-opa, yayata, duk ginin a kan tubalan nan biyu yake tsaye. Ki cire su, me ya rage? Gara ki ce mu buga waƙar biki."

Ban san sunansa kika kira ba sai da na karanta takardarki. Na ji sautin, ban ji kalmar ba. Na rantse miki.

Zan hau dandali ranar. Abin da zan yi in na kai wurin, ni ma ban sani ba tukuna, kuma ba zan yi miki alkawarin ƙarya ba. Ki gai da Gwaggo, ko ba za ta amsa ba.

'Yarki, ko da fari ko babu,
Nafosat

Kokand

Nafosat,

Assalamu alaikum. Erkin ya ce kin tambaye shi ko wani daga gida ya yi maganarki, ya ce miki a'a. Ni na hana shi faɗa. Ranar da kika hau dandali, ina cikin zauren.

Eh, ni. Na ce wa Mastura zan je ganin likitan ido. Ban zo saurare ba, kada ki yi murna. Na zo ne da niyyar in kin kai wurin nan in miƙe tsaye in ce, "Ya isa!" kowa ya san kina da uwa. Wata yarinya mai jan baki a bakin ƙofa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Inna, nan fa ba gidan biki ba ne, kin tabbata nan kika nufa?" Na ce, "Na tabbata, 'yar nan. Abin da za a buga daga maƙogwarona aka sato shi." Ta matsa ta ba ni hanya.

Na zauna can baya. Makaɗa suka fito cikin baƙaƙen kaya kamar hankaki. Sai ga ki. Na zaci irin rigar nan za ki sa mai barin kafaɗa a waje, da na gani a hotunanki na Jamus. Ashe shuɗiyar rigar makokin da na ɗinka miki da hannuna ce, da ɗankwalinta. Ko guga ba ki yi mata da kyau ba.

Ba zan ce miki ya yi daɗi ba. Farkonsa kamar ana jan ƙarfe a tashar jirgin ƙasa inda babanki ya yi aiki, na ce ko da gangan ne. Daga baya babban gogen nan da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi ya ɗauko muryata. Matar da ke kusa da ni ta fara share ido. Na so in ce mata, "Ke wa ya mutu miki?" Sai na ga ita ma shuɗi ne a ƙarƙashin rigar sanyinta. Na mayar da idona kan dandali.

Da aka zo ƙarshe na gane, don ai ni na san hanyar. Makaɗa suka sauke hannu. Na dafa kujerar gabana, na ɗaga rabin jikina. Kika ɗaga hannunki a kan fiyano, kika tsaya. Mai sandan nan yana hararar ki. Sai kika janye hannun kika ɗora a cinya, kika sunkuyar da kai. Ba ki buga ba.

Na tsaya a haka, ba a tsaye ba, ba a zaune ba, da "Ya isa" a bakina babu inda zan ajiye ta. Zauren ya yi tsit. Wani tsoho a gaba ya ɗaga tafin hannu ya shafa fuska kamar an idar da addu'a, na kusa da shi suka bi, har abin ya iso layinmu. Na shafa. Kika tashi kika fita.

Kuma ba wanda ya tafa! Wannan wace irin tarbiyya ce ta mutanen Tashkent? Yarinya ta zauna ta yi gumi har rigarta ta jiƙe, a tashi a watse kamar an fito daga ta'aziyya? Na san ni na ce ba na son tafi. Wannan dabam, wancan dabam.

Kada ki ɗauka na yafe. Kin karya shekarar babanki, wannan yana nan a rubuce. Amma na gaya wa Mastura inda na je. Ta ce, "Ashe likitan idon ke nan." Na ce, "Shi ne, kuma na gani." Ta ce rantsuwarta tana nan. Na ce to ta ajiye nawa farin ma, ni da 'yata ma ci gaba da shuɗi har ta gaji da ganinmu, ta kuma yi wa matan unguwa bayani da bakinta. Ta kira ni mai taurin kai, ta ce daga nan kika gado. Da za ta tafi ta tambayi tsawonki, irin tambayar mai shirin yanka yadi.

Surukata ta sauka lafiya, namiji. Zulhumor ta zo barka, sai cewa ta yi hancinsa ya yi girma.

Ki zo kafin ranar cikar shekarar, akwai karas da yawa da za a yanka na shinkafar sadaka, kuma hannun da ya iya fiyano ya iya wuƙa. In baƙi sun watse zan ba ki makullin fiyanon. Za ki rufe tagogi ki buga min shi daga farko, ni kaɗai, har da wurin da kika bari.

Allah ya kawo ki lafiya.
Mahaifiyarki, Sanobar

Tashkent

Ayajon,

Ina gaisuwa, ina taya mu murnar jariri. Zan taho da Erkin, da wuƙata.

Zan buga miki duka, amma ban da wurin nan. Na goge shi daga takarda, ba nawa ba ne. In na kai can zan tsaya in jira. In kin ga dama ki cike shi da bakinki, tagogi a rufe suke.

'Yarki,
Nafosat

Kokand

Nafosatjon,

Mara kunya. Ki goge rigar nan kafin ki shigo unguwa.

Ayanki