Iyakar da Baba Ya Binne

Tudun Gwanda, ta Gubuchi
9 ga Maris

Zuwa ga Yaya Yahuza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a bakin daga. Inna tana gaishe ka. Matarka Wasila lafiya lau, cikin ya tsufa. Wata biyu ke nan wayarka a kashe, shi ya sa na ba direban Maiduguri wannan ya kai bariki. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda na tsaya a makaranta.

Ranar Talata da sassafe na je fadama ban ruwa, sai na tarar da taraktar Alhaji Tukur, maƙwabcinmu na gabas, a cikin gonarmu. Mutanensa sun kai ashirin, da gorori da adduna, biyu da bindigar toka. Sun tumɓuke gambar iyaka sun cinna mata wuta, tarakta tana bin ƙananan rake tana kifewa. Wai shanunmu sun ci masa albasa. Yaya, shanun da muka rabu da su tun rasuwar Baba!

Na tsaya a gindin tsamiya ina kallo. Abin da na lura, ba su wuce rijiyar da ke tsakiyar gonar ba. Daidai bakinta suka ja layi suka tsaya, kamar da igiya aka auna musu.

Na garzaya wurin Kawu Salman, shi da ya dafa ƙirji ranar tafiyarka ya ce wanda ya taɓa mu shi ya taɓa. Ya ce zai aika da kakkausar magana. Har yau maganar tana hanya.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka, Bilya


2 ga Afrilu

Yaya Yahuza,

Ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya aiki? Wasila ta sauka lafiya, namiji, an sa masa Abdulrahman. Goshinka ne sak.

Rabin da ya rage ma ya tafi. Alhaji Sadiƙ na yamma ya shigo da tasa taraktar, ya ce amana zai riƙe mana kada Tukur ya haɗiye duka. Ka san shekara goma mutanen nan ko a jana'iza ba sa gaisawa. To, da idona na gan su a bakin rijiya suna musabaha, suna shan ruwa da gugan Baba. Turakun da suka kafa daga nan da can, fenti iri ɗaya ne a kansu. Ashe tun kafin Talatar aka gama rabo.

Dalilin kuma na ji shi a kasuwar Makarfi. Ana cewa an afka wa sansaninku. Dama kakinka kawai suke tsoro. Ban faɗa wa Inna ba.

Mai unguwa ya ce in kawo shaidar iyaka, alhali ya san gamba ta zama toka, takarda kuma Baba bai bari ba. Samari suna ce mini ragon maza, wai in ɗauki adda. Adda ɗaya, Yaya? Ni ruwan sama nake jira. Ba zan rubuta dalili ba, wasiƙa hannu da yawa take bi.

Don Allah ko layi ɗaya ka aiko.
Naka, Bilya


21 ga Mayu

Yayana,

Ina gaishe ka a duk inda Allah ya ajiye ka. Sojoji biyu sun zo da jakarka. Sun ce ba a gan ka a cikin masu rai ba, ba a gan ka a cikin gawa ba. Wasiƙuna biyu suna ciki, ba a buɗe ba. Inna ta daina cin abinci sai kunu. Wannan ba zan aika ba, a jakar zan sa ta, Abdulrahman ya girma ya karanta.

Ka tuna shekarar da Baba ya sa mu haƙa rami kamu guda a ƙarƙashin gamba, muka binne albasar kura, taku bakwai bakwai? Ya ce wuta ba ta kai mata, garma ba ta kai mata. Kwana shida bayan ruwan farko ta fito. Layi ɗaya a tsakiyar masarar Tukur, ɗaya a tsakiyar ta Sadiƙ, tun daga burtali har bakin rafi. Gonarmu ta zana kanta a ƙasa, kore shar.

Na kira mai unguwa. Ya duba, ya ce ciyawa ce. Kawu Salman ya ce ciwon baya ya hana shi fitowa. Washegari da hantsi ma'aikatan Alhazan biyu suka bi layukan tare da maganin feshi, ganyen ya ƙone. Bana ko kunya ɗaya ba mu da ita, ƙodago nake yi a Hunkuyi.

Na tona guda ɗaya na duba. Kan albasar yana nan da ransa, na mayar na rufe. Baɗi za ta sake fitowa, ni ma zan sake kiran mutane.

Ga waɗanda suka ga layin da idonsu ranar Alhamis, kafin feshi: Bobbo makiyayi da ke bin burtali, da tsohuwa Hajo mai nono, da Liman Zayyad, wanda ya bi shi da ƙafa har rafi. Sai Wasila. Ta kwance goyo ta ɗaga Abdulrahman sama, ta juya fuskarsa gabas, ta juya ta yamma.

Wassalam.
Ƙanenka, Bilya