Wa Zai Kara da Hamman?

Zuwa ga maigidana, Baban Ishaku,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana hutawa a wurin Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana da rai ma ba ka cika son karatun wasiƙa ba, ni kake miƙa wa in karanta maka kana ɗaure igiyar takalmi. Amma maganar da ke raina babu wanda zai gane ta daga farko har ƙarshe sai kai, shi ya sa na ɗauki biro.

Bari in fara da gida. Muna lafiya. 'Yarmu Ladi ta sauka, namiji, an sa masa sunanka, kuma yana da irin faɗin kafaɗarka. Rufin ɗakin baya da ka yi ta cewa za ka gyara, yayana ya zo ya gyara kafin ruwa ya sauka. Doya ta yi kyau bana. Jalingo sai cika take yi tun da aka mai da ita hedkwatar jiha, har filin nan na bakin kogin Mayo Gwoi da kake tara yaran dambe da safe an yanka shi fuloti, yanzu cikin yashin kogi suke gudu. Buhun yashinka na koyon naushi yana nan rataye a mangwaro, ban bari an sauke ba.

Sai maganar Hamman. Yaron da ka ɗauko daga Sunkani bayan rasuwar ubansa, ka shigo da shi da ƙullin kayansa ka ce mini daga yau 'ya'yanmu maza biyu ne. Ya girma a ɗaki ɗaya da Ishaku, wannan ya tafi masallaci wancan ya tafi coci, su dawo su sa hannu a kwano ɗaya. Bel ɗin zakaran damben 'yan matsakaicin nauyi na ƙasa da ya ciyo a Legas kana tsaye a kusurwarsa ta ringi, bayan tafiyarka ya kare shi sau ɗaya, ya ci. Ya dawo da kumburi a idon hagu, na gasa masa da ruwan zafi, ya saɓe, muka manta.

Da lokacin sake kare bel ya matso, sai gidanmu ya koma majalisa. Kowace Lahadi da la'asar maza su cika gindin mangwaro, kamar kana nan. Ni dai ina dama musu kunun gyaɗa ina jin su.

Abokinka Kofur Audu, wanda yake riƙe maka tawul da ruwa, shi ya gaji aikinka. Shi sojan nan na Kaduna yake so Hamman ya kara da shi, wanda suke kira Guduma. Ka san shi, ka taɓa cewa hannunsa na dama ba na mutane ba ne. Kofur ya ce Guduma ne na biyu a ƙasar nan, in Hamman ya kauce masa za a ce tsoro ne, kuma duk wanda ya kayar da Guduma hanyar waje ta buɗe masa. Yana magana yana naushin iska, har ya ɓarar da kofin wani.

Sakataren ƙungiyar dambe na jiha kuwa wani bahago yake so, mutumin Garwa ta Kamaru. Ya ce mutumin ya manyanta, ƙafarsa ta yi nauyi, kuma tunda baƙo ne ba za a sa bel a wasan ba. A yi a nan Jalingo, jama'a su ga zakaransu da idonsu, a tashi lafiya. Kofur ya ce wannan ba dambe ba ne, biki ne. Sakatare ya ce ai bikin ma jihar nan tana bukata. Suka yi ta ja. Wani ya kawo sunan wani ɗan Binuwai, aka ce ya ƙara ƙiba ya haye ajin nauyin Hamman. Wani ya ce ɗan sandan Fatakwal, aka ce ya karye a hannu. Kullum a koma kan Guduma da bahago, a tashi ba matsaya. Hamman yana zaune a kan turmi yana murmushi, ya ce shi duk wanda aka kawo.

Sai wata Lahadi ɗanka Ishaku ya miƙe ya ce shi ne zai kara da Hamman.

Ka bar Ishaku yana ƙaramin aji, amma ya cika, ya shigo ajin Hamman, kuma bai faɗi ba tun tafiyarka. A takarda ya cancanta, sakatare ma bai musa ba. Kofur ya ce haram, ba za a haɗa 'yan ɗaki ɗaya ba yana raye, ya tambaya shi wace kusurwa zai tsaya. Hamman ya daina murmushi. Ya dubi Ishaku, sai da ya juyar da kansa gaba ɗaya kafin ya dube shi, domin Ishaku yana ta hagunsa.

Wannan juya kan na daɗe ina gani. Na ga ya zuba kunu a gefen kofi. Na ga ya bugi ƙofar gida da kafaɗar hagu, ƙofar da ya shekara da shekaru yana wucewa. Wata rana na tsaya kusa da shi ta hagu da kwanon abinci, bai san ina wurin ba sai da na yi magana, ya zabura. Na tambaye shi, ya ce ba komai Dada, gajiya ce. Na yarda don ina so in yarda.

Da mutane suka watse na tsare Ishaku a kicin, na ce ya gaya mini abin da ya sa yake neman bel ɗin ɗan'uwansa. Ya ce ba bel yake nema ba. Ya ce a atisaye, duk naushin da ya kai da dama Hamman ba ya ganin zuwansa, sai ya sauka. Hamman ya gaya masa yana ganin abubuwa kamar ƙudaje suna yawo, da wani duhu kamar labule daga gefe, kuma ya sa shi ya yi rantsuwa ba zai faɗa wa kowa ba. Ishaku ya ce in aka kawo Guduma, ta wannan gefen hannunsa zai zo. Bahagon ma, tsufa ba ya hana naushi ciwo. Shi kaɗai ne ya san inda ba zai taɓa ba. Ya ce gara a zage shi a gari da a makantar da Hamman.

Ka ga irin tunanin ɗanka? Zuciya mai kyau, dabara maras kyau. Wa ya taɓa shiga ringi ya iya rantsewa inda hannunsa zai faɗa? Kuma in sun gama, sai me? Wani ba zai zo bayansa ba?

Na yi ta tunanin abin da za ka yi. Na san kana son bel ɗin nan fiye da yadda kake faɗa. Amma na tuna ranar da ka jefa tawul ka tsayar da wasa a Yola, yaronka yana kan gaba, don kawai ka ga ƙafarsa ta yi rawa. Aka yi ta zaginka a mota har gida.

Na fara samun Hamman shi kaɗai. Na ce mu je a duba idon. Ya ce bayan wasa. Na ce kafin wasa. Ya ce in likita ya rubuta wani abu shi ke nan, kuma shi ba shi da gona, ba shi da shanu, ba shi da takarda, hannun nan biyu ne kawai ka bar masa. Ya roƙe ni in yi shiru. Ya riƙe hannuna yana roƙo, abin da bai taɓa yi ba.

Lahadin da ta biyo baya suka sake taruwa. Kofur ya zo da hujjojinsa, sakatare ya zo da nasa. Da gardama ta yi zafi sai Kofur ya juyo ya ce a tambayi matar koci, tunda a gidanta ake, wa take ganin ya dace. Da wasa ya faɗa. Na ajiye ludayi na ce babu ko ɗaya. Na ce idon Hamman na hagu ba ya gani sosai, kuma ba zai hau ringi da kowa ba sai likita ya duba shi. Na faɗa a gaban sakatare, ina sane da cewa in ya ji ba zai iya yin kamar bai ji ba.

Hamman bai yi faɗa ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da jakarsa, ya koma unguwar Sintali wurin wani abokinsa.

Ƙungiya ta ce dole a gwada shi. Kofur ne ya kai shi Yola. Likita ya ce wani abu ya fara ɓallewa a can cikin idon, in aka ƙara masa naushi mai ƙarfi zai tafi gaba ɗaya, kuma ko ba naushi sai an yi aiki da sauri. Aka tura su Kano. An yi aikin, idon ya tsira, yana gani ko da ba kamar da ba. Amma dambe ya ƙare. Ya mayar da bel ba tare da wani ya kayar da shi ba.

Yanzu ga inda abin ya fi ciwo. Da bel ya zama ba mai shi, aka ce manyan biyu da ke ƙasa su kara. Guduma da Ishaku ke nan. Ka san bakin mutane. A kasuwa ana cewa na tona asirin ɗan riƙo don in share wa ɗan cikina hanya. Wata ta faɗa mini a fuskata, tana zaɓar doyata. Wasu sun sa addini a ciki, sun ce da ɗan coci ne da na rufa masa. Ban amsa wa kowa ba. Me zan ce? In ce musu hannun da na hana ya sauka a kan ɗa ɗaya, yanzu shi zai sauka a kan ɗayan? Wace uwa ce take share wa ɗanta hanya zuwa wurin Guduma?

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ka tafi kana zaton ban taɓa zuwa wurin dambenku ba, don kullum ina ce maka ina da taron zumuntar mata. Ina zuwa. Ba na shiga, a bayan katanga nake tsayawa wurin masu sayar da rake, ina jin ƙararrawa da ihun mutane, kuma a cikin duk ihun nan ina gane muryarka. In na ji ka daina ihu na san yaronmu yana lafiya, don kai sai abu ya ɓaci kake ɗaga murya. Sai in riga ku dawowa gida in hura wuta. Ban san abin da ya hana ni gaya maka ba. Ina jin kunya ce kawai. Na yi alfahari da kai, Baban Ishaku, ko da bakina bai iya faɗa ba.

Saura 'yan makonni wasan, a Kaduna za a yi. Makon jiya da safe ina shara sai na ji ana dukan buhu, dukan da ba na Ishaku ba. Na leƙa. Hamman ne, da baƙin tabarau, yana nuna wa Ishaku yadda Guduma yake sauke kafaɗa kafin ya saki dama. Ya yi masa faɗa sosai kan yadda yake barin hannun hagu a ƙasa. Tun ranar kullum yana zuwa, su tafi yashin kogi tare da Kofur, su dawo. Bai shigo cikin gida ba, bai gaishe ni ba. In na fito sai ya sami abin kallo a wani gefen. Jiya dai ya aiko Ishaku ya ce a gaya mini in rage mai a miya in daina ba shi tuwo da yawa, sikeli ya fara hawa. Na rage.

Ban sani ba ko zai yafe mini. In bai yafe ba ma, da idonsa biyu yake fushin, kuma da za a mayar da ni ranar Lahadin nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Abin da nake so in sani kawai, kai da ka ce na yi daidai?

Zan bi su Kaduna. Kofur ya ce akwai wuri a mota. Ka huta lafiya, maigida, sai ranar da Ubangiji ya sake haɗa mu.

Ni ce matarka,
Rifkatu, uwar Ishaku da Hamman
Mayo Gwoi, Jalingo