Gambar Iyaka

Laraba da dare, tsakiyar damina.

Yau na hau sabon injin yankan ciyawa a gonata ta Tafashiya. Mai sayarwa ya ce kada in kai shi gangare in ƙasa ta jiƙe. Ni da na fara da turin kura, wa zai koya mani tuƙi? Ina juyawa a gangaren ya zame, tayoyin baya suka tumɓuke gambar da ta raba gonata da ta Malam Sule tun zamanin kakanni.

Da Malam Sule ya iso na ce masa, "Baba, zan dasa wata."

Ya ce, "A daidai ina, Alhaji?"

Da magariba na hango 'ya'yansa uku suna auna wurin da igiya. Ko ɗaya bai amsa sallamata ba.