Sandar da Sarjan Bai Jefa Ba

Damagaram, 9 ga Yuli, 1960

Zuwa ga Yaya Larai,

Gaisuwa mai yawa da begen ganinki. Ina gajiya, ina yara, yaya damina a Takieta? Mu nan lafiya lau, sai dai na kasa zama wuri ɗaya.

Wani lafitan, hafsan soja, zai zo daga Yamai kallon faretin katoz zuliye, bikin nan na 14 ga Yuli, ya zaɓi wanda zai ja fanfar, wato makaɗan fareti, ranar 'yancin kai a can. Maigidana Sarjan shi ke riƙe da sandar fanfar ɗin sojan gardi a nan, kuma kin san yadda yake cilla ta sama ya cafe ba ya ko dubawa. Kowa ya ce in lafitan ya ga haka, magana ta ƙare. Yaya, Yamai! Kogi, ruwa har a yi wanka sau biyu! Na ɗauko littafin hikayar da na saya wurin fataken Kano, na kasa wuce shafi ɗaya, jarumin ciki duk fuskar Sarjan nake gani.

Abu ɗaya ke damuna. Baba Kyari mai babbar ganga kunnensa ya mutu, ba wanda ya sani a bariki sai Sarjan. Da ido yake kiɗa, yana bin hawa da saukar sandar. In ta bar hannu, ya ɓata, asirinsa ya tonu, a sallame shi kafin fanshonsa ya kai. Na ce wa Sarjan jifa ɗaya dai ba ta kashe kowa. Ya ci gaba da goge maɓallan rigarsa.

Ki sa mu a addu'a. Ƙanwarki,
Rakiya

Damagaram, 17 ga Yuli, 1960

Yaya Larai,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, bai jefa ba.

Ina tsaye cikin mata bakin ƙofar Birni, na danƙe mayafina har yatsuna suka yi ciwo. Da suka iso gaban lafitan, wurin da ake jifar, sai Sarjan ya ƙara ɗaga sandar daidai idon tsohon, sama, ƙasa, sama, ƙasa, har suka wuce. Gangar ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Lafitan ya yi hamma. An zaɓi wani daga Maraɗi.

Na yi kuka, na ƙona miya. Shi kuwa ya cinye tuwonsa tas, ya yi barcin rana. Ni ce har yau nake zagaya tsakar gida. A littattafaina ba a yin jarumi da abin da bai yi ba, ban san inda zan ajiye wannan ba.

Za su yi faretin 'yancin kai a nan garin. Ki zo, don Allah. Za mu tsaya ta hagu, can ake ganin hannun Sarjan sosai.

A gaida Malam da yara. Taki har kullum,
Rakiya