Waƙar Dakan da Ka Kai Yamai

Kai mai karanta wannan, ka sani ba kai na rubuta wa ba. Na sa ta a fili ne don a fili aka yi mini abin da aka yi mini. Ka karanta da ladabi, kamar baƙon da ya shigo gidan mutane ya tarar ana yi wa ɗa faɗa. Kada ka tambaye ni sunan yaron, kuma wanda ya san shi kada ya rubuta shi a ƙarƙashin rubutun nan. Ɗan farina ne, kuma a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan farinta.

Zuwa ga ɗana da ke Yamai,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan Tawa. Ƙanwarka Hadiza tana lafiya can Takanamat, ita da mijinta da goyonta. An yi Sallar Layya lafiya. Damina ta sauka ta ɗauke, gero ya yi kyau a Bambeye, kawunka ya aiko mini da rabona. Duk wannan ya wuce ba ka zo ba.

Na san dalili. Ranar da na kira ka raina a ɓace, na ce kada ka sake kirana, kada ka tako ƙofar gidan nan sai na neme ka. Ka bi maganata, kuma ba zan zarge ka da bin maganar uwa ba. Amma kafin in ce komai game da wannan, sai ka saurari abin da ka yi, daga bakina, tunda har yau daga bakin masu tafa maka kawai ka ji shi.

Da aka yaye ka, Inna mahaifiyata ta zo ta ɗauke ka ta tafi da kai Bambeye, kamar yadda aka yi da ni, kamar yadda aka yi da ita. Ban yi kuka a gaban kowa ba. Na yi kolej, ina buga takardu a ofis da Faransanci, amma ban taɓa ɗaukar kaina na fi ƙarfin al'adar gidanmu ba. Ka tashi cikin ƙannena, ka ji suna ce mini Yaya, kai ma ka kama. In ina son kiranka sai in ce "kai yaro", ko in aiki wani.

A shekarar da aka tafi da kai ne na yi waƙar dakan nan. Ba zama na yi na tsara ta ba. Ina daka ne da hantsi, ba kowa a gida, sai ta fito da kanta. A cikinta ina kiran sunanka. Ina tambaya ko ka ci abinci, ko an rufe ka da zane, ko tabon ƙonuwar da ke ƙafarka ya warke. Bakin turmi ne inda mace take faɗin abin da ba ta faɗi a ko'ina, don taɓarya tana rufa wa murya asiri. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya sha dawowa daga kasuwar dabbobi ya tarar ina yi. Sai ya wuce wajen tumakinsa kamar kurma. Har ya koma ga Allah bai taɓa nuna mini ya ji ba. Haka mutanen da suka san kunya suke zama da juna.

Ka girma, ka kama gurmi, daga baya ka kama gita wajen abokanka Buzaye. Mahaifinka ya ce mu ba maroƙa ba ne. Ni ce na ce a bar ka, in dai ba za ka zagi kowa ba, ba za ka bar salla ba. Ban faɗa maka ba a lokacin, yanzu ka sani.

Da ka zo kafin azumi, ka ce mini an gayyace ka babban taro a Yamai, na mawaƙa da makaɗa da lauyoyi da mutanen gwamnati, a kan haƙƙin mai waƙa da yadda wayoyi da na'urori suka sauya sana'arku. Na sa maka albarka. Har na yi maka fura ta tafiya. Ranar da nake dakan geron furar, na ɗauka ka fita gari wajen abokanka, sai na kama waƙar. Ashe kana cikin ɗaki, ka kanga wayarka a taga.

Bari in gaya maka inda na fara jin kaina.

Ranar Lahadi ce, na shiga kasuwa sayen kuka da daddawa. Na zo wucewa ta rumfar samarin nan masu zuba wa mutane waƙoƙi a waya, sai na ji ƙarar taɓarya daga lasifikarsu. An ɗora mata wani kiɗa mai dukan ƙirji. Sai murya ta shigo. Na yi taku biyu kafin in gane tawa ce. Na tsaya riƙe da kwandona a tsakiyar kasuwar Tawa ina jin kaina ina kiran sunanka, ana maimaita shi, ana sake maimaita shi. Wani ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja yana bi da baki yana kaɗa kai.

Mai daddawar da nake saye wajenta tun kana goye ta dube ni ta ce, "Madam, wagga murya kamar taki hwa. Ashe zabiya muke ciniki da ita ba mu sani ba." Da na iso gida, maƙwabciyarmu Hajiya Tabawa ta leƙo ta katanga tana dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ashe dai kin san sunanshi! Mu da muka ce ko ranar suna ba ki nan." Wasa take yi, na sani. Amma tun ranar, in na shiga gidan biki sai hira ta tsaya, ƴammata su riƙa taɓa juna.

Hadiza ce ta turo mini hoton bidiyon taron. Na kalle shi daga farko har ƙarshe, ban tsallake komai ba, don ba na hukunta mutum a kan abin da ban gani ba. Na ga babban zaure mai sanyi, kowa da gorar ruwa a gabansa. Na ji wani yana bayanin yadda mawaƙi zai yi wa waƙarsa rajista don kada a ci guminsa. Na ji wani yana cewa yanzu akwai na'urar da in ta saurari muryar mutum sai ta rera da ita abin da bai taɓa rerawa ba. Na ji tsofaffin makaɗa suna kukan yadda ake jin kiɗansu a ko'ina su kuwa ko kuɗin magani ba su da shi. Na tausaya musu. Taron ba na banza ba ne, ban ce na banza ba ne.

Sai wata lauya ta miƙe, mace mai natsuwa. Abin da na fahimta daga jawabinta shi ne, kafin ka ɗauki muryar mutum sai ka tambaye shi, kuma haƙƙi na farko da mai abu yake da shi shi ne ya ce a'a. Kana zaune a layin gaba. Na gan ka kana gyaɗa kai. Na gan ka kana tafi.

Bayanta aka kira ka. Ka ce ana bin ƙauyukanmu ana kwashe waƙoƙin mata, na daka da na niƙa da na reno, a tafi da su a ce na gargajiya ne, ba su da mai su. Ka ce ƙarya ne, kowace waƙa akwai bakin da ta fara fitowa. Sai ka kunna wayarka a gaban makirfo. Da ta ƙare ka ce wannan tana da mai ita, ka faɗi sunana, ka faɗi unguwarmu. Mutane suka miƙe tsaye. Na ga hannuwa sama riƙe da wayoyi, kowa yana ɗauka. Daga nan ta kama hanyar kasuwa.

Ɗana, maganarka gaskiya ce, aikinka ne ba daidai ba. Ka je taron hana sata da kayan da ka ɗauka ba a ba ka ba. Ka ce waƙar tana da mai ita, amma mai ita tana tsakar gida, taku kaɗan daga tagarka, ba ka buɗe baki ka tambaye ta ba. Ka san abin da zan ce, shi ya sa. Ilimin da ba ya hana mutum leƙen uwarsa, ban san amfaninsa ba. Ka so ka ɗaga ni a gaban duniya, sai ka yaye mini zane. Garin neman gira an rasa ido.

Hadiza ta ce kana ta rubuta wa kamfanoni su cire waƙar, suna cire ɗaya goma na fitowa. Ta ce ka daina zuwa wasa, ka rame. Ka bari haka nan. Magana zarar bunu ce. Ta kuma ce ka yi rajistar waƙar da sunana, wai in wani abu ya shigo nawa ne. Ba na so. Ban yi ta don a saya ba.

Tun ranar kasuwar nan ban sake daka ba. Injin niƙa nake kai gerona, in tsaya a layi da yaran unguwa. Tuwon ba ya daɗi, amma ni kaɗai ke cinsa, wa zai yi ƙorafi? Gidan ya yi mini girma. Da hantsi, lokacin da gidajen maƙwabta ke amsa wa juna da lugude, nawa shiru. In babur ya tsaya a lungu sai in bar abin da nake yi in saurara, sai in ji an buɗe ƙofar Hajiya Tabawa. Ranar Layya na soya nama, hannuna ya ware maka ƙoda da hanta a kwano kamar kullum, ban ankara ba sai da na rufe. Ya kwana ya wuni a nan, daga baya na bayar.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, har Hadiza. Bayan girbi, wata rana da la'asar, na sake buɗe bidiyon taron, na kai shi daidai inda ka kunna wayarka. A can babu kiɗan samarin kasuwa, daga ni sai turmi. Na kanga wayata a kunne sosai. Can wajen ƙarshe, inda na kira sunanka na uku, akwai wani sauti kusa da wayar, ba daga tsakar gida ba. Jan hanci ne. Mai ɗaukar yana kuka, yana ƙoƙarin kada a ji shi.

Na aje wayar. Na lissafa, tun daga ranar da liman ya raɗa maka suna har ka yi gemu, ba ka taɓa jin sa a bakina ba sai a bayan tagar nan. Kuma da ka tsaya a gaban mutanen Yamai ba ka ce Yaya ba. Ka ce "uwata". Ni ma ban taɓa jin wannan a bakinka ba.

Kada ka ɗauka na ce al'ada ta yi kuskure. Ban ce ba, ba kuwa zan ce ba. Kunya ado ce, kuma da ita aka rene ka har ka zama mutum. Abin da ka yi laifi ne jiya, laifi ne yau. Da ka fito daga ɗakin nan da hawayenka ka zauna a gindin turmi, da na kore ka, na sani. Amma da gobe na sake yi da ƙarfi kaɗan, don ta kai taga. Wannan ka rasa da ka zaɓi waya. Ita ta ji sau ɗaya ta kai wa duniya. Kai da ka yi ta ji har in mutu.

Na ce kada ka zo sai na neme ka. Ka san ni ba zan ɗauki waya in ce wa ɗan farina ina kewarsa ba, harshena ba zai iya ba. To, ga shi na rubuta a inda duk wanda ya ji waccan zai ga wannan. Na neme ka. Ka kamo hanya. Ka koma wa gitarka kuma, sana'arka ce, ban hana ka ba. In an sake kiranka taro ka je, ka gaya wa ƴan'uwanka mawaƙa cewa dokar da suke nema a yi musu, su fara yi wa iyayensu mata ita a gida.

Allah ya tsare mini kai a hanya, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin baki. Allah ya sa albarka a yatsunka da muryarka, ya ba ka halal, ya hana ka cin haƙƙin kowa, ya hana kowa cin naka. Allah ya jiƙan mahaifinka da Inna da ta goya ka. Na yafe maka duniya da lahira. Amin.

Ni ce wadda kake kira Yaya, daga Tawa.

Saura abu ɗaya, don kada ka zo ka ce ba a gaya maka ba. Na sa kafinta ya kafa katako a bangon zaure. Daga yau waya ba ta wuce zauren gidan nan, ko ta wane ce, har tawa, har ta Hadiza da mijinta, har ta baƙon da ya zo daga Yamai. A aje ta nan, a yi sallama, a jira a amsa. Wanda yake son jin abin da ake faɗi a tsakar gidana, ya shigo da kunnuwansa kawai, ya zauna a inda zan gan shi.